Gumin Mai Aikin Sa-kai, Aljihun Wa Yake Shiga?

Duk bikin abinci da za a yi a babban birni, inda ake jera motocin girki da amalanken masu gashi da soye-soye a fili guda, akwai mutanen da ba sa fitowa a hoton talla. Su ne ke isowa tun da asuba su kafa tebura, su ja igiyar da za ta tsara layi, su tsaya bakin ƙofa suna duba tikiti. Da rana ta take, su ne ke zagayawa da baƙar leda suna tsince robobi da ƙasusuwa, su ɗauko wa mai girki ƙanƙara idan tasa ta narke, su riƙe hannun yaron da ya ɓace wa uwarsa har a same ta. Abin da suke komawa gida da shi bai wuce riga mai tambari da faranti ɗaya ko biyu ba. Masu aikin sa-kai ke nan, kuma ba don su ba, da yawancin bukukuwan nan sun wargaje kafin la'asar.

Ina ganin girmansu ƙwarai. Shi ya sa nake so kowane matashi ya yi tambaya guda kafin ya ba da sunansa: wannan gumin da zan zubar kyauta, aljihun wa zai shiga? Ƙarfin mutum da yininsa dukiya ne, kuma mai ba da sadaka yana da haƙƙin sanin hannun da za ta faɗa.

Akwai wani biki da aka yi shekara goma sha biyar ana yi a birnin New York na Amurka wanda ya amsa wannan tambaya da kyau, sunansa Vendy Awards. An fara shi a 2005 a wani garejin da masu abinci ke ajiye amalankensu, da 'yan takara huɗu kacal. Kafin a rufe shi a watan Satumban 2019, ya bunƙasa har ya koma tsibirin Governors Island, mutane na biyan abin da ya kai dala ɗari su shiga su ci iya cikinsu. Jama'ar gari ne ke ba da sunayen masu abincin da suke so, alƙalai su ɗanɗana, a ba gwani kofi. A 2007 Thiru Kumar ne ya ci, mutumin Sri Lanka mai toya dosa, wata waina mai faɗi ta shinkafa da wake, a gefen dandalin Washington Square. A 2010 kofin ya tafi hannun Freddy Zeideia, Bafalasɗine mai falafel da shawarma a unguwar Astoria. Mutanen da ke yini a tsaye cikin hayaƙi, cikin sanyi da zafi, ranar nan su ne manyan baƙi.

Abin da ya bambanta bikin shi ne inda kuɗin ke zuwa. Ƙungiyar Street Vendor Project ce ke shirya shi don tara kuɗin aikinta. Wani lauya, Sean Basinski, wanda shi kansa ya taɓa sayar da abinci a amalanke, ya kafa ta a 2001 a ƙarƙashin cibiyar Urban Justice Center, don ta tsaya wa masu sana'ar bakin titi a kotu da gaban hukuma. Saboda haka wanda ya ɗauki ledar shara a wannan biki ya san lissafinsa: duk dalar da aka rage ta ɗaukar ma'aikata, ta tafi wajen kare mutanen da ke bayan tukwanen nan.

Kuma suna bukatar kariyar. Ana ƙiyasta masu sana'ar bakin titi a New York da kimanin 20,000, mafi yawansu baƙi ne daga ƙasashe irin su Mekziko da Bangladesh da Masar da Senegal. Tun farkon shekarun 1980 majalisar birnin ta ƙayyade lasisin amalanken abinci na dindindin a kusan 3,000, aka bar shi haka shekara da shekaru alhali birni yana ta cika. Sai kasuwar bayan fage ta buɗe. Takardar da hukuma ke sabuntawa a kan dala 200 duk shekara biyu, wanda ya mallake ta sai ya ba da hayarta a kan dala 15,000 zuwa 25,000, shi yana zaune a gida, mai girki yana biyansa da zufarsa. Wanda ba shi da halin haya ya fito babu takarda, kullum ransa a hannu. Tarar da ake ci kan ƙananan laifuffuka, kamar matsowa kusa da ƙofar shago, a da tana iya kaiwa dala 1,000, sai a 2013 aka rage ƙolinta zuwa 500 bayan doguwar fafutukar wannan ƙungiya. A 2021 majalisar ta amince a ƙara lasisi kimanin 4,000 a cikin shekara goma.

Ga abin da ya fi taɓa ni a labarin. Wata biyu bayan bikin ƙarshe, a watan Nuwamban 2019, 'yan sanda suka sa wa wata mata ankwa a tashar jirgin ƙasa ta Broadway Junction da ke Brooklyn, suka tafi da amalankenta, saboda tana sayar da soyayyen fulawa da ake kira churros babu izini. Bidiyon ya zagaya duniya. Birnin da ya tafa wa masu abincin titi a watan Satumba, shi ne ya ɗaure ɗaya daga cikinsu a Nuwamba. Duk mai aikin sa-kai a bikin abinci ya kamata ya ajiye wannan a ransa, domin da wuya a sami babban birnin da ba ya yin wannan fuska biyu. Ana son ƙamshin abincin talaka, ba a son ganin talakan a bakin hanya.

To, ba kowane biki ne Vendy ba. Da yawa kasuwanci ne zalla, kuma ba na ganin aibin kasuwanci. Mai shiryawa ya karɓi kuɗin shiga, ya karɓi kuɗin fili daga hannun masu motoci, kamfanonin lemo da bankuna su biya don a manna sunansu, sannan a buga sanarwa ana neman matasa masu kishin gari su zo su taimaka. A nan ne nake cewa a dakata. Idan riba za ta shiga asusun mutum ɗaya, to share fili da kwashe bola da jigilar kaya aiki ne mai lada, kuma akwai masu yin sa don su ciyar da iyali. Ɗalibin da ya yi shi kyauta, da kyakkyawar niyyarsa, ya ɗauke wa wani magidanci kuɗin cefanen ranar, ya miƙa wa wanda ya fi su duka ƙarfi. Ko aikin gayya, ana kiransa ne don gonar da ta fi ƙarfin mai ita, ya ciyar da waɗanda suka zo, gobe kuma idan an kira shi ya ɗauki fartanyarsa ya je. Wanda ba zai taɓa zuwa gonarka ba, kuma yana da kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago, ba gayya ya kira ba.

Na san amsar da ake bayarwa: ai babu wanda aka tilasta, kuma yaran suna koyon aiki, suna haɗuwa da mutane, suna samun takardar shaida da za ta taimake su neman aiki. Akwai gaskiya a ciki. Matashin da ya yini yana tsara layin mutum ɗari masu jin yunwa ya koyi haƙuri da iya magana da babu ajin da zai koya masa. Amma wannan riba ba ta wanke wanda ya gina lissafinsa a kan cewa matasa ba su da aikin yi, za su karɓi riga a madadin albashi. Yardar wanda ba shi da zaɓi ba ta da nauyin yardar mai zaɓi.

Su ma masu sa-kan akwai abin da zan faɗa musu, cikin ƙauna. Ana rububin tsayawa bakin ƙofa da kusa da dandali, inda ake ɗaukar hoto da manyan baƙi, a bar bayan motoci inda janareta ke ruri da ruwan wanke-wanke ke kwarara. Alhali can ne aikin yake. Cikin motar girki ɗan ɗaki ne na ƙarfe, mutum biyu ko uku a tsakanin kasko da tukunyar gas, ba su da damar fita ko fitsari matuƙar layi bai yanke ba. Wanda ya kawo musu ruwan sha ba su roƙa ba, ya tsaya ya lallashi mutanen layi idan nama ya ƙare ana jiran wani ya gasu, ya yi abin da ya fi yankan tikiti dubu. Kuma rigar da aka ba ka ba ta mai da kai ubangidan mai girki ba. Abin kunya ne yaro ɗan shekara ashirin ya riƙa daka wa dattijuwa mai tuya tsawa don kawai an rataya masa kati a wuya, ko ya riƙa zagayawa mota mota yana karɓar ɗanɗano kamar haraji. Kowane faranti da ta ba ka, daga jarinta ya fito.

Wannan magana ba ta Amurka kaɗai ba ce, don bukukuwan abinci sun iso Legas da Abuja, kuma tsire da kilishi da masa suna cikin abin da ke jan jama'a. A Legas akwai dokar 2003 da ta hana talla a kan titi. A farkon Yulin 2016, bayan wata babbar mota ta kashe wani mai talla a unguwar Maryland yana gudun jami'an tsaftar gari, gwamna Akinwunmi Ambode ya sanar cewa za a ɗabbaƙa dokar a kan mai saye da mai sayarwa: tarar naira 90,000 ko ɗaurin wata shida. Cikin waɗanda irin wannan doka ke hawa kansu akwai 'yan'uwanmu da suka je ci-rani, masu rake da dabino da goro da shayi. Ba na musun cewa hukuma na da haƙƙin tsara hanya da kula da tsabtar abin da mutane ke ci. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki sana'ar mutum a ƙawata ta da fitilu a sayar wa masu hali, shi kuma ba shi da kuɗin rumfa a wurin, ba shi da wurin tsayawa a waje.

Don haka wanda aka gayyata aikin sa-kai ya tambayi masu shiryawa, da ladabi amma ba da jin kunya ba: rarar kuɗin ina za ta? Nawa mai abinci ya biya kafin a ba shi fili? Masu shara da masu gadi, biyansu ake yi? Abincin da ya rage, bola za a kai ko gidan marayu? Mai shiri na gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, don yana da amsarsu a rubuce. Idan kuma matasa goma ko ashirin suka haɗa baki, suna iya gindaya sharaɗi: za mu yi muku yinin nan kyauta, amma ku ware rumfa biyar ba tare da kuɗi ba ga masu sana'ar bakin titi na ainihi, mai ƙosan bakin tasha da mai shayin kwanar kasuwa, kuma mu za mu je mu ɗauko su da kayansu.