Kafin matashin Lafani ya buɗe nasa shagon

Ra'ayinmu shi ne, matashin Lafani ta ƙasar Illela da ya gaji da zama yaron shago ya fito ya fara nasa, amma kada ya jingina jarinsa duka a kan boda. Kowa ya shaida: an rufe iyakar Illela a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, aka sake garƙame ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Wanda ya ci bashi ya sari kaya yana jiran masu saye daga Ƙwanni ta Nijar shi ya fi kowa jin jiki, ga canjin sefa da naira da kan lashe riba tun kaya na hanya. Babban attajiri zai jure watanni babu ciniki. Sabon shiga kuwa karyewa yake yi.

A fara da kuɗin adashi ko na kiwo, da hajar da gari ke nema ko iyaka na rufe: gero, albasa, awaki a kasuwar Lahadi. Iyayen gida su sallami yaransu da jari kamar yadda aka gada, ƙaramar hukumar Illela kuma ta sassauta wa sababbin masu rumfa haraji a shekararsu ta farko.