WASANNIN TALBIJIN NA ZAMANI: TAHAMISI KO ALGUS?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka:

Wanda duk ya bi ta kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi da la'asar sakaliya, lalle ya ga samari sun yi cincirindo a bakin rumfunan masu cajin waya, kowa na miƙa tasa don a tura masa sabon kashi na wasan kwaikwayo. In dare ya yi kuwa, matan cikin gida da yara su kewaye waya guda kamar yadda a dā ake kewaye tsohuwa mai tatsuniya. Abin da ya shiga gidajen jama'a haka, bai kamata malamai su kau da kai gare shi ba, balle su yanke masa hukunci ba su san shi ba. Wajibi ne a ɗora shi bisa ma'auni, a faɗi kyaunsa, a faɗi aibinsa.

Asalin abin ba sabo ba ne. Dattawa ba su manta da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi ba, ko wasannin Ƙasimu Yero a talbijin ta Kaduna. Sa'an nan fim ɗin kaset ya zo da Turmin Danya a Kano cikin 1990. Da kasuwar kaset da faifai ta mutu, sai masu sana'ar suka koma ga wasa mai dogon zango, wanda ake nunawa mako-mako. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe cikin 2014, ta fito da Daɗin Kowa cikin 2015, da Kwana Casa'in cikin 2019. Cikin 2020 kuma Labarina na Aminu Saira ya fito, da Izzar So na Lawan Ahmad, mutumin Bakori a nan jihar Katsina, wanda ake kallo a YouTube.

To, gaskiya ɗaya ce, wasannin nan suna da abin yabo. Na farko, sun rage rawa da waƙa tsakanin namiji da mace, abin da malamai suka daɗe suna kuka da shi a fina-finan kaset. Na biyu, sun taɓo ciwon da ke jikin jama'a. Daɗin Kowa ya nuna talaka a unguwarsa, da mai shayi, da makaho, da 'yan gudun hijira, da yaran da ƙwaya ta lalata. Kwana Casa'in ya ƙago wata jiha mai suna Alfawa, ya nuna yadda ake sayen ƙuri'a, da yadda asibitin gwamnati ke lalacewa alhali masu mulki na neman magani a wani wuri. Izzar So kuwa ya sa saurayi mai haƙuri da riƙon amana ya zama shi ne gwarzon labari. Wanda ya hana wa waɗannan yabo, ya tauye mudu.

Amma fa akwai aibi, kuma 'yan kasuwa za su fi kowa saurin gane shi, domin sunansa algus. Kuɗin wasa mai dogon zango daga talla yake fitowa da yawan masu kallo, saboda haka kowane mako da aka ƙara, riba ce ga mai shi. Sai ka ga labarin da kashi ashirin ya ishe shi an ja shi ya haura ɗari. Maganar da za a gama a zaune ɗaya sai a raba ta mako uku. Wanda ya mutu a ce ashe bai mutu ba. Wanda ya tuba ya koma ruwa don kada labari ya ƙare. Wannan daidai yake da mai nonon da ta tsuga masa ruwa: ƙwarya ta cika, amma mai saye ya cutu. Abin da ake cutar mai kallo a kansa kuwa lokacinsa ne da kuɗin data, kuma lokaci shi ne jarin da ba ya dawowa.

Aibi na biyu ya shafi maimaita tsofaffin fina-finai da kwaikwayon na wasu ƙasashe. Tun zamanin kaset an sha ɗauko labarin Indiya a sa masa sunayen Hausawa, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigi ya rubuta. Cikin 2018 Ali Nuhu ya sake yin Mujadala, wanda ya yi tashe a zamanin kaset, da sababbin 'yan wasa. Irin wannan maimaici yakan zo da hoto mai kyau da sauti garau fiye da na farko, wannan ba gardama. Tambayar da ta rage ita ce, ban da kyan hoto, me aka ƙara?

Ma'abuta ilmi sun san aro ba laifi ba ne. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan Katsina, asalinta na Alfazazi ne, Ibnu Mahibu ya yi mata tahamisi, watau ya ɗora shaɗara uku a kan kowane baiti, ya zama biyar. Bai ɓata karin ba, bai sauya manufa ba, ya kuwa ƙara haske, har mai saurare ba ya gane inda ɗinkin yake. Haka Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina, ya tsinto labarun Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya cikin 1937, amma ya rine su a marinar Hausa, har mai karatu ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, littafin 1934, Adamu Halilu ya mai da shi fim cikin 1976, mutuncin littafin bai zube ba. Ga ma'auni ke nan: in mai maimaici ya ƙara ma'ana, ya yi tahamisi, in kwafa kawai ya yi, to, kayan aro ba ya rufe katara.

Aibi na uku shi ya fi ciwo ga mutanen wannan yanki. Galibin wasannin nan a gidajen bene na birni ake yin su, da motoci masu tsada, da rigimar gado da kishi. Ina manomin rani na bakin madatsar Zoɓe? Ina falken da ke fita kasuwar ƙauye da asuba, iyalinsa ba su da tabbacin dawowarsa? Cikin Satumba 2021 mutanen Dutsin-Ma da Kurfi sun koma kamar zamanin da ba a san waya ba, da aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciniki ya tsaya, ɗan'uwa bai jin ɗan'uwa sai an yi tattaki. Wannan labari ne da ya fi na Indiya nauyi, yana kuwa nan a ƙofar gida yana jiran mai ɗauka. Haka malamin allo: sau da yawa in ya fito a wasa, ko dai abin dariya ne mai kwaɗayin sadaka, ko mai tsibbu. Akwai irinsu, ba a musu, amma ina alaramman da ya ƙare rayuwarsa yana rubuta Alƙur'ani da ka, yana noma abincin almajiransa?

Cikin Mayu 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa tun 2001, ta ba da umurnin dakatar da wasanni 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kai mata su ta tace ba kafin a nuna. Tacewa tana da amfaninta, amma hukuma tufafi da kalmomi take iya dubawa. Ba ta iya hana algus, ba ta iya sa marubuci ya leƙa ƙauye. Wannan aikin masu kallo ne da masu ba da talla.

Saboda haka ga shawara. Masu shirya wasa su yanke wa labari iyaka tun kafin su fara, kamar yadda tela ke auna yadi kafin ya sa almakashi, su kuma zauna da malamai da dattawan karkara tun ana rubutu, ba sai an gama a zo neman albarka ba. Attajiran da ke ba da talla su tambayi irin hajar da kuɗinsu ke ɗaurewa gindi. Malamai su bincika kafin su yi fatawa, su yaba inda aka gyara, domin wanda ba a yaba masa in ya yi daidai, ba ya jin tsawa in ya kauce. Magidanta kuwa su san abin da ke cikin wayoyin gidajensu, su sa masa lokaci, kada ya ci salla, kada ya ci karatun dare.

Allah Ya nuna wa jama'a gaskiya, Ya ba da ikon bin ta, Ya zaunar da ƙasar Katsina lafiya. Haza wassalam.