Mudu biyu na auna ƙwazon ɗaliban sakandare a Amurka

Tun da Jami'ar Kalifoniya ta daina duba sakamakon jarrabawar SAT wajen ɗaukar ɗalibai, matsakaicin makin sakandare, wato GPA, ya ƙara daraja. Sai dai da mudu biyu ake awon sa a Amurka.

A tsarin farko, A maki 4 ce, B maki 3, C maki 2, ko darasin mai wuya ne ko mai sauƙi. A na biyu kuwa, makarantu da dama kan ƙara maki ɗaya ga darussa masu zurfi irin na AP da hukumar College Board ke tsarawa, har A ta kai 5. Ke nan B a lissafi mai zurfi ta yi kunnen doki da A a darasin gama-gari.

Masu goyon bayan ƙarin suna da hujja, domin in babu lada, yaro zai kauce wa darasi mai wuya don kare makinsa. Amma makarantun karkara da na unguwannin talakawa ba su cika samun irin waɗannan darussa ba, saboda haka ɗalibinsu, komai hazaƙarsa, ba zai kamo makin ɗan makarantar masu hali ba. A Texas kuma, inda dokar 1997 ta bai wa kashi 10 cikin ɗari na sahun gaba a kowace makaranta gurbin jami'ar jiha kai tsaye, ɗigon maki kan raba abokan aji.

Matakin Jami'ar Kalifoniya ya fi kusa da adalci. Takan sake lissafin da kanta daga makin aji na 10 da na 11, ta kuma taƙaita ƙarin ga zango takwas.