SHARHI: Bizar mawaƙa da ma'aikatan bayan fage: Abin da Bauchi ke jira daga Abuja

A shekarar 2009, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, Bauchi na cikin birane takwas da aka buga wasannin. Baƙin da suka cika Filin Wasa na Abubakar Tafawa Balewa sun haɗa da 'yan ƙwallo da alƙalan wasa, da kuma ayarin masu kyamara da injiniyoyin sauti da masu watsa shirye-shirye. Shigowar tasu ba ta zama abin jayayya ba, domin hukumar FIFA kan gindaya wa duk ƙasar da za ta karɓi gasa sharaɗin bai wa mahalarta izinin shiga tun kafin a busa usur.

Mai shirya biki a Bauchi a yau ba shi da FIFA a bayansa. Idan ya gayyaci mawaƙi daga ƙetare, ko kamfanin fim da ke son ɗaukar giwayen Yankari da ruwan ɗumi na Wikki, ko masu shirin talabijin kan hawan sallah a fadar Sarkin Bauchi, to makomar shirin nasa tana kan teburin wasu jami'ai a Abuja. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya fasfo da biza da shige da fice cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Gwamnan jiha na iya gina ɗakin taro, ya gyara masauki, amma ba shi da hurumin shigo da ko da mai riƙe fitila guda.

Inda aka kwana

A watan Fabrairun 2020 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabuwar manufar biza, wadda ta faɗaɗa rukunan daga 6 zuwa 79. A cikinsu aka ware rukuni na musamman ga mawaƙa da masu nishaɗantarwa, aka kuma bar takardar izinin aiki na wucin gadi a matsayinta. Ita wannan takarda an gina ta ne domin ƙwararrun da kamfani ke gayyata su kafa inji, su gyara, ko su horar da ma'aikata. Kamfanin da ke Najeriya ne ke nema, Kwanturola-Janar na Hukumar Kula da Shige da Fice ne ke amincewa.

Daga ranar 1 ga Mayun 2025, a ƙarƙashin Ministan Harkokin Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo, aka koma neman bizar gajeriyar ziyara ta intanet, da alƙawarin ba da amsa cikin sa'o'i 48. An kuma sanar da tarar dala 15 kan kowace rana ga wanda ya wuce wa'adinsa. Wannan ci gaba ne da ba a raina shi, musamman ga baƙon da a da sai ya yi tattaki zuwa ofishin jakadanci.

Sai dai mawaƙi ba ya tafiya shi kaɗai. A bayansa akwai mai haɗa sauti, da mai haske, da mai kula da kayan kiɗa, kuma su ne suka fi shi yawa, su ke riga shi isowa, su ke tashi bayan ya tafi. Sunan rukunin da aka ware a 2020 na masu hawa dandamali ne. Aikin na bayan fage kuwa ya fi kama da na ƙwararren da aka yi wa takardar wucin gadi. Ke nan ayari ɗaya na iya rabuwa gida biyu, kowane da ƙofarsa da lokacin jiransa. In mawaƙi ya samu tasa a kwana biyu, injiniyansa bai samu ba, babu wasa.

Biza ma ba ita ce ƙarshen hanya ba. Kayan aiki na buƙatar izinin shigowa na wucin gadi daga Hukumar Kwastam. Ɗaukar hoto da jirgi marar matuƙi na buƙatar amincewar hukumar NCAA da ta Ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Kowace daga cikin hukumomin nan tana da hujjarta, musamman a yankin Arewa maso Gabas. Abin da babu shi ne wanda zai haɗa su wuri guda.

A Legas, manyan kamfanonin da ke shirya bukukuwan watan Disamba suna da lauyoyi da wakilan da suka san lungu da saƙo na waɗannan ofisoshi. Bauchi ba ta da irin wannan kasuwa. Jiragen ƙetare da aka fi sani da Filin Jirgin Sama na Sir Abubakar Tafawa Balewa su ne na jigilar alhazai, saboda haka baƙo zai fara sauka a Abuja ko Kano ko Legas kafin ya kama hanya. Kowace rana ta jinkiri kuɗin otal ce da hayar kaya a wuyan ƙaramin mai shirya biki, kuma wanda ya yi asara sau ɗaya da wuya ya sake gwadawa.

Darasi biyu daga Amurka

Amurka ta daɗe da gane cewa ma'aikacin bayan fage wani sashe ne na wasan. Bizar O da ta P, waɗanda ake bai wa fitattun masu fasaha da ƙungiyoyinsu, suna da reshe na mataimakan da wasa ba ya yiwuwa sai da su, kuma izininsu a ɗaure yake da na wanda suke yi wa aiki. Wannan abin koyi ne.

Ɗaya darasin kuwa na gujewa ne. Daga 1 ga Afrilun 2024 kuɗin shigar da takardar neman bizar P ya tashi daga dala 460 zuwa 1,015, na O ya kai 1,055, ko da yake an sassauta wa ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba. Manyan taurari ba su ji a jikinsu ba. Ƙananan makaɗa ne suka koka. A watan Yulin 2025 kuma Amurka ta rage yawancin bizar da ba ta zaman dindindin ba ga 'yan Najeriya zuwa wata uku da shiga sau ɗaya, tana kafa hujja da ramuwar gayya. Mai son Najeriya ta rama da tsaurarawa ya tuna cewa jihohi irin Bauchi ne za su fara biyan farashin, tun da su ke neman baƙi.

Maƙwabta

Akwai kuma baƙin da suka fi kowa kusa: makaɗa da mawaƙa da 'yan kokawa na Jamhuriyar Nijar, waɗanda harshensu da masu sauraronsu ɗaya ne da na Bauchi. Mawaƙiya Fati Nijar, wadda ta yi suna a Kannywood, shaida ce kan yadda wannan zirga-zirga ta gina masana'antar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba su damar shiga ba tare da biza ba har kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ECOWAS ta ce a ci gaba da barin 'yan ƙasashen suna shige da fice har sai an ji wata sanarwa. Alfarma ce da za a iya janyewa, kuma ranar da aka janye ta, makaɗin Maraɗi zai tsinci kansa a layi ɗaya da na Faransa.

Abin da ke hannun jami'ai

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka daga Majalisa. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida na iya fitar da ƙa'idar da za ta ba mai gayyata damar shigar da sunayen ayari duka a takarda ɗaya, a amsa masa lokaci ɗaya. Ma'aikatar Fasaha, Al'adu, Yawon Buɗe Ido da Tattalin Arzikin Ƙirƙira ta Hannatu Musawa na iya zama ƙofar da za ta tattara amincewar Kwastam da ta hukumomin tsaro, Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos, maƙwabciyar Bauchi, ta taimaka wajen tantance masu fim. A maimakon wannan sauƙi, gwamnati na da damar neman kowane ayari ya ɗauki matasan gida aiki, domin fasahar ta zauna bayan baƙi sun tafi.

Ita ma Gwamnatin Bala Mohammed tana da nata: ofishi guda da zai tsaya wa masu gayyata a gaban hukumomin tarayya. Amma mabuɗin yana Abuja, kuma ma'aunin nasarar sabon tsarin shi ne ko ƙaramin mai shirya biki a Bauchi zai iya sa ranar wasa, ya buga kati, ranar ta zo ayarinsa duka suna gari.