Shaye-shayen matasa: Tsakanin "lafiya lau" da "ya haukace"

A zangon karatun da ya gabata wani dattijo ya same ni a ofis game da ɗansa, ɗalibina ɗan shekara 18, wanda ya faɗi kusan dukkan jarrabawarsa bayan ya fara shekarar a sahun gaba. An kama yaron da kwalaben maganin tari a ɗakin kwanan ɗalibai. Uban, mutumin kirki ne kuma mai ilimi, ya ce mini: "Malam, ba abin da ya rasa a gida, iskanci ne kawai." Da na keɓe da yaron sai ya shaida mini cewa tun rasuwar mahaifiyarsa barci ya ƙaurace masa, kuma wani aboki ne ya ba shi kwalbar farko don ya samu ya runtsa. Na tambaye shi ko ya taɓa gaya wa mahaifinsa halin da yake ciki, sai ya ce: "To me zan ce masa, Malam?"

Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin sana'ata nazarin harshe ce, kuma na daɗe ina lura da wani giɓi a bakinmu. Idan aka tambayi Bahaushe lafiyarsa, amsa ɗaya ce, "lafiya lau", ko da kuwa zuciyarsa na tafasa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hauka da taɓin hankali, kalmomin da ke kawo wa mai sauraro hoton mutum cikin tsumma yana tsince-tsince a bola. Abin da ke tsakanin waɗannan biyu, wato yaron da ya daina cin abinci, ko yarinyar da ke kwana tana kuka ba ta san dalili ba, sai mu kira shi miskilanci ko shagwaɓa, in ya yi tsanani mu ce iska ce ko sammu. Likitoci da 'yan jarida sun ƙirƙiro "ciwon damuwa", amma har yanzu kalmar ba ta zauna a tsakar gida ba, don kuwa kowa na da damuwa, kuma ba a kai mai damuwa asibiti, haƙuri ake ba shi.

Yanzu mai karatu ya kwatanta wannan talauci da yalwar kalmomin da yaran suka tanadar wa kayan maye. Akwai wiwi, akwai sholisho, akwai roci, akwai tiramol, akwai madarar sukudaye, ga kuma zaƙami da aka gada tun kaka da kakanni. Wanda ya sha an ce ya yi caji, ko ya yi mankas. Kowane wata sai wani sabon suna ya fito don a ɓad da sawu ga iyaye da hukuma. Yaron da ya rasa kalmar da zai faɗa wa ubansa abin da ke cin ransa, yana da kalma goma da zai nemi ƙwaya da ita a bakin kasuwa.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a 2019, ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a 2017, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Mutum miliyan 2.4 maganin tari suke sha don maye. Kafin nan, a 2017, an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalbar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Ko da mutum ya yi tababar wannan adadi, ai duk wanda ya taɓa duba kwatar unguwarsu da safe ya ga kwalaben da idonsa. Sai da BBC ta fitar da rahoton bincikenta a 2018 sannan Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Haramcin ya tsadantar da kwalba, amma bai taɓa dalilin da ya sa ake nemanta ba, don haka wasu suka koma tiramol mai ƙarfin miligiram 225, alhali abin da aka amince a rubuta wa majinyaci 50 ne ko 100.

Masana lafiya sun tabbatar da cewa hanyar biyu ce. Ciwon zuciya da firgici da rashin barci kan tura matashi ga ƙwaya, ita kuma ƙwayar kan haifar da cutar ko ta tsananta ta. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna sakamako kafin aiki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, saboda haka abin da babba zai sha ya tashi, yaro kan sha ya kamu. Yawan shan wiwi tun da ƙuruciya na ƙara haɗarin jin muryoyi da ganin abin da babu, tiramol mai yawa kuma na jawo farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Mu kuma a nan Arewa sai a ƙara da yaran da suka ga an kashe iyayensu a Borno ko Zamfara, waɗanda ba wanda ya taɓa zama ya saurare su.

Ina muke kai su idan abin ya bayyana? Mafi yawa gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Bayan 'yan makonni aka ga irin haka a Daura. Na ji mutane na zagin iyayen da suka kai 'ya'yansu can, amma ni ban ga laifinsu shi kaɗai ba. Uban da ke ƙauyen Katsina, a ƙasar da likitocin wannan fanni ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200, me ake so ya yi? Har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, dokar mahaukata ta 1958 ce ke aiki, wadda manufarta a tsare mutum don kada ya dami jama'a.

Ba na raina aikin hukumar NDLEA, domin dole a kama dillali da mai kyamis ɗin da ke sayar wa yaro ɗan makaranta ƙwaya ba takardar likita. Amma kamu aikin ƙarshe ne. Abin da nake roƙo ga gwamnonin Arewa shi ne su aiwatar da dokar 2023 a jihohinsu, su horar da ma'aikatan asibitocin unguwa su iya gane ciwon damuwa, kuma ofishin malamin ba da shawara a makarantun sakandare ya daina zama ɗakin ajiye tsintsiya. Limamanmu su ma suna da rawar takawa, domin idan liman ya faɗa a huɗuba cewa ciwon zuciya ciwo ne kamar hawan jini, kuma neman maganinsa bai saɓa wa tawakkali ba, maganarsa za ta kai inda tallar rediyo ba ta kai ba. Mu kuma malaman harshe nauyi ne a kanmu mu zauna da likitoci mu daidaita kalmomin da uwa za ta iya furtawa game da ɗanta ba tare da ta ji ta kira shi mahaukaci ba.

Akwai kuma kunyar da muke taƙama da ita. Ɗalibin nan nawa ɗan fari ne, mahaifinsa ko sunansa ba ya faɗa, balle hira. Ranar da na haɗa su a ofishina, uban ya yi shiru na tsawon lokaci da ya ji zancen rashin barcin, sannan ya ce shi ma tun rasuwar matar bai yi barcin kirki ba. Shekara biyu suna gida ɗaya, bango ɗaya ne tsakaninsu. Yanzu yaron yana ganin likita sau ɗaya a wata, kuma uban ne ke raka shi.