Taƙaita Littafi Daban, Taƙaita 'Yanci Daban

Kalmar "taƙaitawa" tana da daɗin ji a kunne, domin duk wanda ya ji ta sai ya ɗauka an rage masa wahala ne. Ɗalibi na murna da taƙaitaccen littafi, magatakarda na son taƙaitaccen rahoto. Amma idan hukuma ta ce za ta "taƙaita" wani 'yanci na ɗan lokaci, ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba ko aikin ɗaya ne.

Taƙaita littafi tsohuwar sana'ar malamai ce. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda aka wallafa a Masar a ƙarni na 14, ya tattara fiƙihun Malikiyya cikin 'yan kalmomi, har ya zama madogarar alkalai a ƙasar Hausa. Sai dai matsewar ta yi tsanani, ta yadda ba a fahimtarsa sai da sharhi, irin na Haɗɗabi da na Dardiri. Watau abin da aka dunƙule a hannu ɗaya, sai da aka sake warware shi a mujalladai masu yawa. Tun a wancan ƙarni Ibn Haldun ya koka a Muƙaddimarsa cewa yawan taƙaitattun littattafai yana cutar da koyo, domin mai fara karatu yakan ƙare da fama da lafazi maimakon ma'ana.

Duk da haka mai taƙaita littafi yana da amana guda: asalin yana nan. Wanda ya yi zargin an yanke masa wani abu, sai ya koma ga Mudawwana ya gwada. Mai taƙaitawar kuma yakan ambaci sunansa, ya ɗauki nauyin abin da ya bari da abin da ya zubar.

Haƙƙin ɗan ƙasa ba haka yake ba. In an rage shi, babu wani kwafi a ɗakin karatu da za a je a duba. A 1984 Gwamnatin Mulkin Soja ta kafa Doka mai lamba 4, wadda ta haramta buga abin da zai jawo wa gwamnati ko ma'aikacinta raini. Ba a ce an soke 'yancin jarida ba, iyaka kawai aka ce an sa masa. Amma a ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda guda, saboda labarin naɗin jakadu. An soke dokar a 1985, sai dai ba wanda ya mayar musu da kwanakinsu. 'Yar'uwarta kuwa, Doka mai lamba 2, ta ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, ta kuma hana kotu sa baki. Ita sai a 1999 aka rabu da ita.

Ba a cewa 'yanci ba shi da iyaka. Sashe na 45 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda a taƙaita 'yancin magana da taro da zirga-zirga saboda tsaro, ko zaman lafiya, ko lafiyar jama'a. Amma ya gindaya sharaɗi: sai ta hanyar doka, kuma dokar ta zama mai hujja a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Alkali ne ke auna wannan hujja, ba jami'in da ya rubuta sanarwa ba. Saboda haka ma'aikacin da aka miƙo wa takardar hana taro ya sa hannu, yana da damar tambayar wane sashe na wace doka aka dogara da shi, kuma ranar yaushe hanin zai ƙare.