Wa zai ƙidaya shamuwar Maraɗi?

A kowace shekara duniya tana ware rana biyu domin tsuntsaye masu ƙaura, ɗaya cikin watan Mayu, ɗaya cikin Oktoba. A shekarar 2025 an tsai da maganar a kan birane da garuruwa, watau yadda mutum da tsuntsu za su zauna wuri guda ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba. Wasu daga cikin hirarrakin da masana suka yi da jama'a a kan haka ta intanet aka yi su, mai tambaya yana ɗakinsa, mai amsa yana wata ƙasa. Wannan hanya ta kafu tun 2020, lokacin da annobar korona ta hana taro. Amma da Turanci ko Faransanci ake yawancin hirar, alhali manomin Jiratawa da mahaucin Maraɗi da tsohon da ke zaune gindin itace a Tsibiri suna riƙe da labarin da masanan nan suke biɗa, ba kuwa wanda ya tambaye su.

Mu fara da angulu, don ita ce shaidar abin da rashin tambaya yake jawowa. Duk wanda ya manyanta a Maraɗi ya san zamanin da ba a yanka dabba ba tare da angulu ta sauka ba, a mayanka, a bakin kasuwa, a kan juji, har ana karin magana da jewarta. Yau yaron lakwal yana iya gama karatunsa bai taɓa ganin ta ido da ido ba. To, a wace shekara ta soma raguwa a garin? Wace unguwa ta fara bari? Kowa yana da abin da ya tuna, amma tunawa daban, rubutu daban. Abin da ke rubuce wani Bafaranshe ne ya bar mana shi, Jean-Marc Thiollay, wanda ya bi hanyoyin mota na Nijar da Mali da Burkina Faso yana ƙidayar tsuntsaye masu cin nama tsakanin 1969 da 1973, sa'an nan ya sake bin sawunsa a 2003 da 2004. Ya tarar manyan angulayen daji sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen dazuzzukan da hukuma ke tsaro. A 2015 kuma ƙungiyar duniya mai kula da halittu, UICN, ta sa angulun gari cikin jerin waɗanda ke bakin ƙarewa.

Sanadin abin ba ɓoyayye ba ne. Akwai guba da ake sa wa mushe don kashe kura ko dila, angulu ta ci ta mutu. Akwai sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Akwai kuma cinikin kanta da ƙafafunta da gashinta don magani da tsafi, cinikin da ke ƙetare iyaka zuwa kasuwannin Najeriya, ko da yake doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta da kare namun daji a ƙasarmu. Wata farar angulu da masana suka liƙa wa na'ura a ƙasar Girka, suka raɗa mata suna Paschalis, ta ƙetare teku da hamada lafiya, sai a 2014 a kudancin Nijar wani mafarauci ya kashe ta don ya sayar. Masanan Turai sun san inda ta faɗi domin na'urar ta gaya musu. Mutanen karkarar kuwa ba su da labarin nisan tafiyar da ta yi.

Kada wani ya ce wannan damuwar masu ƙoshi ce. A Indiya angulaye sun kusa ƙarewa cikin shekarun 1990 saboda wani maganin dabbobi mai suna diclofenac. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnuka suka yawaita, ruwan sha ya gurɓace. Wani bincike da ya fito a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin angulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Garin da ke da mayanka da kasuwar dabbobi kamar Maraɗi, wanda ƙidayar 2012 ta ba shi mutum fiye da 267,000, ya rasa ma'aikatan tsabta waɗanda ba su taɓa karɓar albashi ba.

Shamuwa ita ce take nan har yanzu, ita ce kuma ya kamata mu zuba wa ido. Tana isowa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a tsakiyar mutane, kan gawo ko tsamiya ko kuka, kuma al'adarmu ta hana a taɓa ta. Idan kaka ta yi sai ta tashi. Kakanninmu sun san tana tafiya, ba su san ina take zuwa ba. Wasu masana daga ƙasar Danmak suka liƙa wa shamuwoyin Nijar na'urar da tauraron ɗan Adam yake bi, sakamakon ya fito a 2006: sun gangara har Tanzaniya, wata ma ta kai Zimbabuwe. Masanan nan kuma sun nuna yawan fārar da shamuwa take ci a gonakin hatsi na gabashin ƙasar, fārar da hukuma take kashe kuɗi mai yawa wajen feshinta. Ga ilimi biyu, na manomi wanda ya san ranar isowarta da itacen da take sauka, da na masani wanda ya san hanyarta. Hirar da muke so ita ce wadda za ta haɗa su.

Irin wannan haɗuwa ba sabon abu ba ne a duniya. Jami'ar Cornell ta Amurka ta buɗe eBird a 2002, rumbun da kowa ke iya zuba sunayen tsuntsayen da ya gani. A nan gida, Joost Brouwer, ɗan ƙasar Holan wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya buɗe tare da abokin aikinsa wani rumbu na tsuntsayen Nijar a intanet, daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da Cadi da Burkina Faso. Amma misalin da ya fi kusa da mu yana wurin maƙwabta. A 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta soma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi, ɗan sa-kai ya shiga ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta duk tsuntsun da ya gani a wayarsa. Matasan arewa, Hausawa irinmu, suka kafa ƙungiyarsu, suna aika hoto ta WhatsApp, masani ya faɗa musu sunan tsuntsun. Shamuwar da suke ƙidayawa a Katsina ba ta tsayawa a duwan ta Ɗan Isa, amma ƙidayarsu a nan take tsayawa.

Maraɗi ba ta rasa masana ba. Akwai jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, akwai cibiyar INRAN ta Tarna, akwai ma'aikatan gandun daji. Ba ta kuma rasa wurin dubawa ba: fadamar Gulbin Maraɗi, tabkin Madarumfa, gandun noman rani na Jiratawa mai fiye da hekta 500 inda balbela ke bin mai ban-ruwa, da tsofaffin itatuwan Tsibiri. Manoman jihar sun riga sun nuna suna iya aiki da masani idan ya yi musu magana da harshensu. Su ne suka karɓi sassaben zamani tun 1983, suka bar kututture ya tofo har gonaki suka koma da itatuwa, kuma a garin nan ne aka yi babban taron yaƙi da hamada na watan Mayu 1984. Su ne kuma suke rataye jakunkunan ƙwarin da ke kashe tsutsar zangarniyar hatsi.

Sai dai a ganina, idan aka kwaikwayi hirar Turai yadda take, ba za ta yi nisa ba. Zama awa guda ana kallon bidiyo yana cin kuɗin da magidanci ba zai bayar ba, ga kuma ɗaukewar wuta. Abin da mutanenmu suka saba da shi saƙon murya ne, wanda ake ji a gona a kuma tura wa maƙwabci. Masani ya ɗauki tambayoyin mako ya amsa da Hausa cikin minti 3, gidan rediyo ya maimaita da dare, ya fi dogon taro amfani.

Akwai kuma wahalar suna, wadda aikin fassara ya sa na san zafinta. Kalmar kurciya guda ce a bakinmu, amma a littafin masana iri-iri ce, kowace da sunanta na Latin. Wani tsuntsu kuma sunansa a Gobir daban, a Damagaram daban. Idan ba a zauna da tsofaffi da mafarauta an daidaita sunaye da hotuna ba, ƙidayar za ta cakuɗe tun ranar farko. Saboda haka gara a soma da waɗanda ba mai rikita su: shamuwa, angulu, balbela, hankaka.

Wajibi ne kuma masani ya yarda a tambaye shi abin da ba ya so. Manomin da jan-baki ya cinye wa dawa ba zai saurari yabon tsuntsu ba sai an amsa masa yadda zai tsare gonarsa, an kuma gaya masa gaskiya cewa maganin da ake fesa wa jan-baki ba ya zaɓe, yana kashe har waɗanda ke cin ƙwari. Sa'an nan abu guda na hattara: wanda ya ga sheƙar angulu kada ya faɗi wurin a cikin taron WhatsApp, domin ba a san wanda ke saurare ba. Ya kai labarin ga ma'aikatan gandun daji.

Aikin rubutu kuwa ya faɗo kan waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci. Abu uku ne kawai ake so a littafi: rana, wuri, da adadi. Ranar da shamuwa ta fara sauka a unguwa, itacen da ta sauka, da yawan sheƙa a kansa. Mutum guda a kowace unguwa ta Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa ya isa, in dai mai unguwa ya san da shi, jami'a kuma ta yi alkawarin tattara littattafan bayan kaka ta maido wa kowace unguwa da sakamakonta da Hausa. Waɗanda suke da niyya su tanadi littafi da alƙalami tun watan Afrilu, kafin hadarin farko ya haɗu.